Kundin fita barr: ramin Wahba, sannan Uruƙ Bani Ma'arid

Juma'a, 17 Oktoba 2025

Gidaje huɗu na Makka da Jidda ne suka haɗa kai za su fita barr da iyali a hunturun bana, aka buɗe wannan kundi don duk ɗan'uwan da zai bi sawu ya tarar da lissafi a rubuce. Barr shi ne sunan da mutanen ƙasar nan ke kiran dajin hamada da shi, fitar yini ko kwana cikinsa kuma su ce kashta. Mutum 22 ne, manya 12 da yara 10. Cikin manyan akwai Hajiya mai ciwon gwiwa da ciwon suga, tana allurar insulin. Autan yaran watansa 14. Motoci huɗu, duka masu dabal, wato masu ja da ƙafa huɗu. Ɗaya daga ciki Hilux ce mai gida biyu.

Inda ake son kaiwa a ƙarshe shi ne gandun namun daji na Uruƙ Bani Ma'arid, a gefen yamma na Rub'ul Khali, babbar hamadar yashi ta kudancin Saudiyya. Sai dai wurin da nisa, yashi ne tsantsa, kuma ba a shiga sai da izini. Shi ya sa za a fara da ramin Wahba, a bakin Harrat Kishb (harra fili ne na baƙaƙen duwatsun aman wuta), kimanin kilomita 250 daga Ɗa'if. Kwalta na kaiwa har bakinsa, kwana ɗaya ya isa, in wani abu ya lalace ana iya juyowa gida a ranar.

Ƙa'ida ɗaya aka tsayar a zaman yau. Da gwiwar Hajiya da barcin jariri za a auna tafiyar, ba da ƙarfin mota ko zafin jinin samari ba: awa nawa za su iya zama a kujera, wane sanyi za su iya ɗauka, minti nawa ne tsakaninsu da asibiti. Abin da bai dace da su biyun ba an cire shi, ko da kowa na so.

An sa rana 21 da 22 ga Nuwamba. Zafi ya karye a lokacin, murabba'aniyya kuma, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi da ke kamawa wajen 7 ga Disamba, ba ta shigo ba. Wata ma zai kasance ya ɓuya, yara za su ga taurari sosai. Abin da ke buƙatar sa ido shi ne wasmi, lokacin ruwan farko, wanda ya riga ya kama tun tsakiyar watan nan.

Asabar, 25 Oktoba

Duba motoci. Injuna lafiya lau, matsalar duk a taya take.

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da suka fara da DOT. Huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 3119 na nufin mako na 31, shekarar 2019. Taya 20 aka karanta har da safaya. Shida sun haura shekara biyar, kuma huɗu daga cikin shidan safaya ne da ba su taɓa taka ƙasa ba. Zanensu sabo fil, amma da aka haska gefensu da tocila sai ga tsaga-tsaga ƙanana kamar faso a diddige. Zafin Makka na cin roba ko ana hawa ko ba a hawa. Duka shidan za a canja, ba a tsaya jayayya a kai ba.

Kowace safaya sai da aka sauke ta aka mayar. Ta Hilux ɗin, da ke rataye a ƙarƙashi da sarƙa, ta ƙi saukowa: ƙura da tsatsa sun cije abin murɗawar, sai da aka ɗiga masa mai aka jira rabin awa. A wata motar kuma an tarar tayoyin na da noti mai makulli, makullin ba ya cikin motar. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke hana iyali kwana a gida, kuma a ƙofar gida kaɗai ake gano su cikin sauƙi.

Jak ɗin da ke zuwa da mota nutsewa yake a yashi kafin ya ɗaga komai. An yanka wa kowace mota katako mai faɗin santimita 30 da tsawon 30, kaurinsa 3, da za a riƙa ɗora jak a kai. An duba ruwan lagireto, man birki da bel. Batir biyu da suka wuce shekara biyu an kai su an auna, ɗaya ya nuna rauni, an canja.

Talata, 28 Oktoba

Takardu. Kowa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ko katin ɗan ƙasa, har yara. Istimara (takardar rajistar mota), inshora da takardar fahas (ta duban lafiyar mota) na kowace mota an duba ba su ƙare ba. Wanda zai tuƙa motar da ba sunansa a kai, mai motar ya yi masa tafwid, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher tun yanzu. Yaron da bai kai shekara 10 ba ba ya zama a gaba, jariri kuma a kujerarsa zai yi tafiyar, ba a cinya ba, ko da zai yi kuka daga nan har Ɗa'if.

Asabar, 1 Nuwamba

Gwajin yashi, a wani fili kudu da Jidda, direbobi kaɗai. Wahba ba ta buƙatar wannan, Uruƙ ce ke buƙata, amma gara a fara da wuri.

Awon iskar da aka tsayar a geji: 35 a kwalta in mota na ɗauke da kaya, 26 zuwa 28 a tsakuwa, 16 zuwa 18 a yashi. In mota ta kafe ana iya sauka zuwa 12 don a fito kawai, a mayar nan take. Ƙasa da haka bakin taya na iya zamewa daga ƙarfenta da zarar an murɗa sitiyari da ƙarfi. Dalilin rage iska shi ne tafin taya ya ƙara tsawo a ƙasa, nauyin ya bazu, motar ta hau kan yashi maimakon ta huda shi. Da awo 35 mota ɗaya ta kafe a mita 40 na farko. Da 17 ta wuce wurin ba tare da an taɓa ta ba.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne ɗaga ƙafa. Direba na jin motar ta tsaya sai ya ƙara taka totur, tayoyi su haƙa rami huɗu, cikin motar ya kwanta a ƙasa. Daga nan aikin shebur ne na awa guda. In aka ɗaga ƙafa a daƙiƙar farko, yawanci baya kaɗan a kan sawun da aka shigo ya wadatar. Ana kashe na'urar hana santsi kafin a shiga yashi, don tana yanke wa inji ƙarfi daidai lokacin da ake nemansa. Ba a taka birki da ƙarfi, ana barin yashi ya tsayar da mota, kuma a tsaya hanci na kallon gangara. Yashi mai laushi da hawa mai tsawo na dabal mai nauyi ne, wato giyar dabal mai ƙarfi da tafiya a hankali. A dabal mara nauyi giyar otomatik na ɗaukar zafi da sauri. Hilux kuma ana cire mata dabal kafin ta hau kwalta.

Ja da igiya: ba a taɓa maƙala igiya a ƙwallon jan tirela. Ba don fizga aka yi shi ba, in ya karye tashi yake kamar harsashi. A ƙugiyar ceto da ke jikin ƙashin mota ake ɗaurawa, a yafa bargo a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa fiye da tsawonta.

Abin da ya lalace yau: ƙaramin kwampireso da ake sokawa a ramin kunna taba ya ƙone fiyus a taya ta biyu. Ramin ba ya ɗaukar wuta mai yawa. Babban, mai maƙalawa kai tsaye a batir inji na aiki, ya ɗauki kusan minti 4 a kowace taya daga 17 zuwa 35, kuma dole a hutar da shi in ya yi zafi. Taya 16 da kwampireso ɗaya ya haura awa guda a rana, da yara a mota. Za a sayi na biyu irinsa.

Juma'a, 7 Nuwamba

Ruwa da nauyi, don lissafinsu ɗaya ne: lita ɗaya kilo ɗaya.

Na sha da girki, lita 5 ga babba da 3 ga yaro a yini, yini biyu ya kama 180. Na alwala, tsarki da wanke-wanke, lita 3 ga kowa a yini, ya kama 132. Sai jarka mai lita 20 a kowace mota da ba a taɓawa sai in an shiga matsala, 80 ke nan. Jimla 392, kusan kilo 98 a kan kowace mota. A jarkoki da yawa za a raba shi, kada babban tanki ɗaya ya huje a rasa duka.

A jikin ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin da mota ke ɗauka, mutane da kaya a haɗe. Ta motar da za ta ɗauki mutum bakwai ta ce kilo 640. Mutanen kaɗai 390 ne. Da ruwa 488. An auna sauran da ma'aunin gida: kula da ƙanƙara 35, tanti da dardumai 45, tukunyar gas kusan 25, kayan ceto da sifanoni 40, jakunkuna 40. Ya zama 673, ba a ma sa abinci ba. Motar da ta wuce kima birkinta na jinkiri, tayar baya na zafi, kuma tana tangaɗi a kwana. An kwashe gas, tantuna da rabin ruwanta zuwa bayan Hilux. Tukunyar gas a tsaye za ta yi tafiya, a ɗaure, ba a inda mutane ke zaune ba. Kan rufin mota barguna da katifu kawai za a ɗora, abu mai nauyi a ƙasa yake zama, kusa da tsakiya.

Abinci an zaɓi wanda ba ya cin ruwa da kwanuka: kilishi, dambun nama, tamis, ful na gwangwani, dabino, garin kunu. Girki ɗaya ne babba, kabsa da daddare a tukunyar matsi. An daskarar da robobin ruwa su zama ƙanƙarar kula, in sun narke a sha.

Asabar, 15 Nuwamba

Leƙen hanya da mota biyu, ba yara.

Daga Makka hanya biyu ke hawa Ɗa'if. Ta Hada ta fi kusa, amma kwana-kwana ce mai tsayi, ga hazo a wannan lokaci, kuma mota mai kaya na dafa birki a saukowa. Ta Sailul Kabir za a bi, zuwa da dawowa. Tana wucewa ta miƙatin Ƙarnul Manazil, don haka 'yan Jidda masu niyyar Umra su sa harami a jaka. Daga nan sai babbar hanya mai lamba 40 ta Riyad. A hannun dama, can gaba, akwai shingen gandun Mahazat as-Said, wanda yanzu ake kira da sunan Imam Sa'ud bin Abdul'aziz. A kewaye yake da waya, ba wurin tsayawar masu wucewa ba ne. A yankin Muwaih ake barin babbar hanya a yi arewa ta wajen Ummud Daum. Daum ɗin nan goruba ce, sunan garin kamar a ce uwar goruba. A cika tanki kafin a bar babbar hanya, ko da allura na nuna rabi.

Ramin ba ya nuna kansa daga nesa. Fili ne shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu, sai kawai ƙasa ta ƙare a gaban mutum. Faɗinsa kusan kilomita 2, zurfinsa kimanin mita 250, ƙasansa fari fat da gishirin da ruwan sama ke bari in ya ƙafe. An daɗe ana cewa tauraro ne ya faɗo. Masana duwatsu sun nuna ba haka ba ne: narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururin ya fashe ya watsar da abin da ke samansa, sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce a ƙiyasinsu. Larabawan wurin na kiransa Maƙla'u Ɗamiyya. A tatsuniyarsu wani dutse ne mai suna Ɗamiyya ya hango dutsen Ƙaɗan cikin hasken walƙiya, so ya kama shi, ya tumɓuke kansa ya tafi wajensa ya bar gurbin. A jikin bangon arewa ana hango kore, ragowar tsofaffin gonakin dabino da ke shan ruwan da ke tsattsafowa daga dutse.

Ba wanda zai sauka cikin ramin, babba ko yaro. Gangaren tsakuwa ce mai zamewa, hawowa ya ninka sauka wahala, ƙasan ya fi sama zafi, kuma in ƙafa ta gurɗe a can ba motar da za ta kai. Bakin ramin ma a wurare da yawa ba shinge, ƙasar gefen na zubewa.

An zaɓi wurin zango kimanin mita 400 daga baki, a kan ɗan tudu. An ƙi wani wuri mai laushi da inuwar ƙaya da ya fi kyau a ido, saboda kwari ne: tarkacen itace da ya maƙale a gindin bishiyoyin ya nuna ruwa na bi ta nan. Ruwan da ya sauka a nesa, inda ba a ma ga hadarinsa ba, shi ke cika kwari cikin dare.

Asara: taya ɗaya. An rage iska zuwa 20 da aka sauka daga kwalta, gefen tayar ya kumburo, dutsen harra ya yanke shi. Harra kaifi gare ta kamar fasasshiyar kwalba, kuma yankan gefe ba ya faci. A wannan ƙasa kada a sauka ƙasa da 28, a tafi a hankali, a bi sawun da ke akwai. Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, don haka kowa ya sauke taswirar yankin a wayarsa tun daga gida.

Laraba, 19 Nuwamba

Wuta da sanyi. Wannan shafin a karanta wa kowa, musamman iyayenmu.

Gawayi ba ya shiga tanti. Ko ya ruru ya daina hayaƙi, ko an bar ƙofa a ɗan buɗe, ko na minti goma ne don a ɗumama wa jariri. Garwashi na fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin komai, ba ya farkawa. Mun san al'adar kasko a ɗaki lokacin hunturu, kuma mun san nauyin hana babba abu. An ɗora wa manyan 'ya'ya mata su faɗa da ladabi: "Inna, a yi haƙuri, kaskon nan a waje zai kwana, ga robar ruwan zafi na naɗe miki a tawul." Risho da murhun gas ma hukuncinsu ke nan.

Sanyin barr ta ƙasa yake shiga. Shimfiɗa biyu a ƙarƙashi ta fi bargo uku a sama. Kowane yaro da hula, safa da rigar da zai canja kafin barci, don wadda ya yi gumi a cikinta da rana ita ke sanyaya shi da dare. Dattawa kuma farwa, babbar rigar sanyi mai gashi a ciki.

Itacen ƙasar nan, samur da ɗalhu da gada, haramun ne a sare shi ko a yi safararsa, tarar safararsa na kaiwa riyal 16,000 a kan kowace kyubik mita ɗaya. An sayi itace da gawayi na shigowa daga waje, an ajiye rasit. A cikin mankal, kaskon ƙarfe mai ƙafa, za a hura wuta, ba a ƙasa ba. Hura wuta inda ba a keɓe ba a wuraren tsirrai tararsa na kaiwa 3,000, shiga da mota cikin fadamun da aka kare kuma 2,000. Kafa zango a gandun daji da wuraren shaƙatawa na ƙasa da izini ake yi, ta manhajar Nabati.

Kunama da maciji sun rage yawo a sanyi, amma suna ƙarƙashin duwatsu. Yara ba sa ɗaga dutse da hannu, ba mai yawo da silifas bayan magariba, ana zazzage takalmi da safe. In an yi cizo ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a kama hanyar asibiti. Yaron da kunama ta harba ma asibiti ne kai tsaye, ko bai nuna komai ba. Lambar gaggawa a yankunan Makka, Madina, Riyad da Gabas ita ce 911.

Insulin ɗin Hajiya a kula zai zauna cikin ƙaramin akwati, kada ya taɓa ƙanƙara, don in ya daskare ya lalace. Na'urar awon suga a aljihu, sanyi na rikita ta. An bar wa mutum ɗaya a Makka sunan wurin zango, lambobin motoci, da lokaci: in ƙarfe 8 na daren Asabar ta yi bai ji kowa ba, ya kira hukuma. An duba manhajar Anwa ta hukumar yanayi, ba gargaɗin ruwa a yankin.

Juma'a 21 da Asabar 22 Nuwamba

An tashi 6:30 bayan asuba. Tafiyar da mota biyu suka yi cikin awa huɗu ta ci awa bakwai da rabi da iyali: tsayawa uku, sallar Juma'a a hanya, da canja wa jariri. Tsarin jerin gwano ya yi aiki, kowane direba na lura da motar da ke bayansa, in ta ɓace a madubi ya tsaya. An isa 2:00, rana kuma na faɗuwa wajen 5:30. Awa uku da rabi ɗin nan sun tafi kaf a kafa zango, ba rara. Duk wanda zai iso bayan la'asar da yara, cikin duhu zai kafa tanti.

An jera motoci ta inda iska ke busowa, aka ja rawaƙ, labulen nan mai tsawo da ke tare iska ya kuma suturta ɓangaren mata. Sau biyu iska na tumɓuke shi. Turakun da suka zo da shi santimita 20 ne, ƙasar kuma tsakuwa ce a sama dutse a ƙasa. Abin da ya riƙe shi: an ɗaura igiyoyin a ƙafafun mota da jarkokin ruwa cikakku. Bayan gida ma ba a iya haƙa rami ba, an koma bokiti da leda mai kauri a ƙaramin tanti, aka ɗaure aka dawo da shi tare da kunzugun jariri.

Zuwa bakin rami an yi shi rukuni-rukuni, babba ɗaya da yara biyu, hannu cikin hannu, a tsaya taku goma daga baki. An kai Hajiya da mota har inda kwalta ta ƙare, aka ajiye mata kujera. Da yamma inuwa na cika ramin daga yamma tana tafiya a kan farin gishirin, ana ganin motsinta da ido.

An karɓe wa yara ƙwallaye uku na hanzal da suka tsinto. Kamar ƙaramar guna yake, mai zane, ɗaci gare shi kuma guba ne ga ciki. Akwai tumfafiya ma a gefen hanya, an nuna musu ita, an ce ruwanta ba ya zuwa kusa da ido.

Alƙibla daga nan kudu maso yamma take. Bayan isha'i aka kashe fitilu duka na rabin awa. Kaza da 'ya'yanta ta fito sarai ta gabas, yaran Makka da yawa ba su taɓa ganinta ba saboda hasken gari.

Da asuba ma'auni ya nuna 9, da iska. Ƙaramin murhu mai gwangwanin gas ya ƙi kawo wuta mai ƙarfi, ruwan shayi ya ƙi tafasa. Gas ɗin cikin irin wannan gwangwani ba ya tashi sosai in ya yi sanyi, kuma yana ƙara sanyaya kansa yayin da yake fita. An koma babbar tukunya. Gwangwani a cikin bargo zai riƙa kwana, ba a taɓa ɗumama shi a wuta.

An tashi 11:00 don a isa babbar hanya da rana tsaka. Ƙananan hanyoyin nan ba shinge, raƙuma na hawa kwalta, da dare kuma ba a ganinsu sai an zo dab. An yi ƙasaru, an haɗa azahar da la'asar. Mota ta ƙarshe ta shiga Makka 6:40.

Talata, 25 Nuwamba

Lissafin ruwa ya fito a juye. Na sha da girki lita 110 aka yi amfani da su cikin 180. Na alwala, tsarki da wanke-wanke 150, alhali 132 aka ware. Ma'ana mutane ba su sha yadda ya kamata ba, don sanyi na ɓoye ƙishi, kuma yara uku sun dawo da ciwon kai da busasshen leɓe. A tafiya ta gaba kowane yaro da gorarsa mai sunansa, uwa ta ga an shanye ta sau uku a yini. Wajen alwala kuwa buta ce ke cinye ruwa: ana cika mai lita 2 a ƙarar a alwala ɗaya. Mudu ɗaya na Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai kai lita ɗaya ba. An sayo ƙananan butoci. Kwanuka za a fara goge su da takarda kafin ruwa ya taɓa su.

Shara buhu bakwai aka dawo da ita, biyu daga ciki ba tamu ba ce.

Juma'a, 12 Disamba

An koma kan Uruƙ Bani Ma'arid. Faɗin gandun ya haura murabba'in kilomita 12,000, inda ƙarshen tsaunin Ɗuwaiƙ ta kudu ya haɗu da yashin Rub'ul Khali, tsakanin Wadid Dawasir da Najran. Uruƙ jam'in jijiya ne a Larabci: dogayen tuddan yashi ne da suka miƙe a jere, da kwaruruka masu tsakuwa a tsakaninsu. UNESCO ta sa shi a jerin wuraren gado na duniya a Satumbar 2023, shi ne na farko a Saudiyya da ya shiga ta fuskar halitta. Dalilin zuwa shi ne farin mariri na Larabawa, wanda suke kira maha. Ya ƙare a daji a 1972, aka raya shi a killace, aka sako shi nan a 1995, yana yawo ba shinge. Akwai barewa iri biyu, rim ta yashi da idmi ta dutse. Kusa da wurin kuma akwai kufan Ƙaryatul Faw, da ya shiga jerin UNESCO a 2024.

Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke riƙe da gandun, an ɗora wa mutum ɗaya neman izini da bin sharuɗɗanta. Ba za a sa rana ba sai takarda ta fito.

Nisan daga Makka ya haura kilomita 800, ta Ɗa'if, Khurma, Ranya da Wadid Dawasir. Da ma'aunin Wahba, inda awa huɗu ta zama bakwai da rabi, wannan yini biyu ne zuwa, yini biyu dawowa, da kwana a Wadid Dawasir. Nan ne aka yanke cewa Hajiya da jariri da mahaifiyarsa ba za su kwana a yashi ba. Murabba'aniyya ta shiga, kuma nisan asibiti daga cikin tuddan ya wuce abin da aka amince da shi ranar 17 ga Oktoba. A gari za su sauka, in sharuɗɗan izini sun ba da dama a shiga da su da hantsi a fito kafin la'asar. Hantsi ma ya fi, don yashi ya fi tauri da safe.

Mai: a yashi mota na iya shan ninkin abin da take sha a kwalta. Kashi uku za a raba tanki, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓawa. A ɓangaren Najran lambobin gaggawa su ne 999 na 'yan sanda, sai 997 na motar asibiti da 998 na 'yan kwana-kwana. In mota ta lalace ko an ɓace hanya, ba mai barinta ya tafi da ƙafa. Mota ake hangowa daga nesa, kuma a jikinta inuwa da ruwa suke.

Lahadi, 28 Disamba

Kwampireso na biyu ya iso, an gwada shi, minti 3 da rabi a taya. An sayi turakun ƙarfe 24 masu tsawon santimita 40, da buhuna takwas da za a cika da yashi a binne a ɗaura igiyar tanti. An maye tayar da harra ta yanka. Allunan fitar da mota daga yashi guda huɗu ne a hannu, ana son takwas. Direbobi biyu har yanzu suna taka totur in mota ta kafe, don haka an sa gwajin yashi na biyu ranar Asabar, 3 ga Janairu, ƙarfe 7 na safe, wannan karon da jarkokin ruwa cike a kowace mota don nauyin ya zo daidai da na ranar tafiya.